Yadda ake warware tambayoyin murabba'i da rektangul a gasar lissafi

Duk ranar Asabar da hantsi, kafin ranar Sakkwato ta fara cizo, ina zama da 'yan sakandare a wata makaranta da ke Mabera muna shirin gasar lissafi. Wasunsu na harin gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, wadda ta nan ne ake tace waɗanda za su wakilci Najeriya a gasar Afirka da ta duniya. Wasu kuma gasar Cowbellpedia suke gani a talabijin suna sha'awa. Ko wacce yaro ya nufa, tambayoyin da suka fi kayar da shi su ne waɗanda ya raina. Da ya ga murabba'i sai ya saki jiki, ai tun firamare ya san tsawo sau faɗi. Masu shirya gasa kuwa sun san da wannan sakin jikin, a nan suke ɗana tarko.

Mu fara daidaita suna. Murabba'i shi ne wanda gefensa huɗu duk tsawonsu ɗaya. Wanda tsawonsa zai iya fin faɗinsa, wasu littattafai na kiransa murabba'i mai dari, mu dai a aji rektangul muke cewa, haka zan ci gaba da kiransa. Kowane murabba'i rektangul ne, a riƙe wannan, za mu dawo kansa. Kayan aiki kuwa ba su da tsada: littafin lissafi mai gidaje-gidaje, fensir, rula, almakashi, da tsohon kwali.

Mataki na farko: zana, sannan ka nemi tsawon da aka faɗa sau biyu

Ban yarda yaro ya rubuta lamba ko ɗaya ba kafin ya yi zane. Zanen kuma ya zama babba, rabin shafi, don wanda ya matse zane a lungun takarda ba zai ga abin da ke cikinsa ba.

Ga misali. An shimfiɗa tabarmi 5 masu girma ɗaya sun rufe ɗaki ruf: 3 a jere a tsaye, 2 a kwance a ƙarƙashinsu. Kewayen ɗakin ƙafa 44 ne. Nawa ne girman filinsa? Nan take za ka ji an ce, "Malam, wagga tambaya ba ta cika ba, ba a ba mu tsawon tabarma ba." An ba ka, a cikin shimfiɗar aka ɓoye shi. Dubi layin da tabarmin sama suka haɗu da na ƙasa. Ta sama, faɗin tabarma 3 ne. Ta ƙasa, tsawon tabarma 2 ne. Layi ɗaya ne aka auna sau biyu, saboda haka faɗi 3 daidai yake da tsawo 2. Sai ka ce faɗin tabarma kashi 2 ne, tsawonta kashi 3. Ɗakin ya zama kashi 6 ta wannan gefe, kashi 3 + 2 = 5 ta wancan. Kewaye kashi 22, kuma an ce ƙafa 44 ne, kenan kowane kashi ƙafa 2. Ɗakin ƙafa 12 ne da ƙafa 10, girman filinsa 120. Kowace tabarma 4 da 6 ce, wato 24, sau 5 ya ba da 120. Ya yi daidai.

Mataki na biyu: in kewaye ake tambaya, tura layukan waje

Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa 300 ne. Mai shi ya yanke ƙafa 20 da 15 a kusurwa ya sayar a gina shago. Kewayen abin da ya rage fa? Yawancin yara za su debe wani abu, tunda fili ya ragu. Filin ya ragu daga 5,000 zuwa 4,700, amma kewaye na nan a 300. Layuka biyun da yankan ya haifar, ka tura su waje, za su zauna daidai inda aka cire na da. Ko matakala aka yanka a kusurwar, hawa goma, haka abin yake.

Inda dabarar ke canzawa shi ne in an yanki shagon a tsakiyar gefe, bakinsa ƙafa 20, zurfinsa ƙafa 15. Bangon baya zai maye gurbin bakin, amma bangaye biyu na gefe ƙari ne. Kewaye ya koma 330.

Mataki na uku: in fili ake tambaya, yanka ko ka cike

Wanda ya taɓa bin hanyar jami'a ya ga fadamar Kwalkwalawa da rani ya san yadda manoman albasa ke raba gona fangali-fangali. A ɗauka an raba gona gida 4 da hanyar ruwa biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Na hagu a sama girmansa 12, na dama a sama 20, na hagu a ƙasa 18. Na huɗun fa? Biyun sama zurfinsu ɗaya, don haka bambancinsu daga faɗi ne kawai: 12 da 20, wato 3 da 5. Biyun ƙasa ma faɗinsu ke nan. In kashi 3 ya ba da 18, kashi 5 zai ba da 30. A taƙaice, ka ninka biyun da ke kallon juna ta kusurwa, ka ninka sauran biyun, amsa ɗaya za ka samu: 12 × 30 = 20 × 18 = 360.

Sai maganar rabi, wadda ke fitowa a gasa kamar an yi mata gayya. Ka sa ɗigo ko'ina cikin rektangul, ka ja layi daga ɗigon zuwa kusurwa huɗu. Ka sami alwatika 4. Na sama da na ƙasa in an haɗa su rabin filin ne cif, na hagu da na dama su ne ɗaya rabin. Dalili kuwa, gindinsu ɗaya ne, tsayinsu biyu in an haɗa shi ne zurfin rektangul ɗin gaba ɗaya. In filin 60 ne, na sama 11, to na ƙasa 19, ba sai ka san inda ɗigon yake ba.

Akwai kuma murabba'in da ya karkace cikin wani. Babban gefensa 7, an sa alama a kowane gefe ta raba shi 3 da 4, aka haɗa alamomin. Kada ka wahalar da kanka neman gefen na ciki kai tsaye. Babban 49 ne. Alwatika 4 da ke kusurwoyi kowane rabin 3 × 4 ne, wato 6, duka 24. Saura 25, gefensa 5. Wannan 3, 4, 5 ɗin shi ne magina ke ja da igiya in za su fitar da kusurwar gini, kuma shi ne ƙa'idar Paitagoras, wato gajerun gefuna biyu na irin wannan alwatika kowane ninke da kansa in an haɗa su suna ba da dogon ninke da kansa (9 + 16 = 25), ga ta ka gan ta da idonka ba hadda ba. Gani ya kori ji.

Daga ita ake samun wata da nake so ƙwarai. Rijiya ce cikin gona mai siffar rektangul, kusurwoyinta A, B, C, D a zagaye. Daga rijiyar zuwa A mita 7, zuwa B mita 15, zuwa D mita 20. Zuwa C fa? Ja layi biyu su ratsa ta kan rijiyar, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, ka yi Paitagoras a kowane gida. Za ka tarar nisan A ninke da kansa, haɗe da na C, daidai yake da na B haɗe da na D. To 225 + 400 = 625, a debe 49, saura 576. Lambar da ta ninka kanta ta ba da 576 ita ce 24. Lura, ba mu san tsawon gonar ba, ba mu kuma buƙace shi ba.

Mataki na huɗu: ƙirga bisa tsari

Nan zan daɗe, don nan aka fi zubar da maki.

Na kan fara da hatimi mai gida 9, uku-uku, tunda duk yaron da ya tashi a garin nan ya taɓa ganinsa. (Harkar nan ba baƙuwarmu ba ce. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake cika irin waɗannan gidaje da lambobi kowane layi ya ba da jimla ɗaya.) Murabba'i nawa ke cikin hatimin? Masu gaggawa su ce 9. Masu ɗan lura su ce 10, sun tuna da babban. Amsa 14 ce: masu gida ɗaya 9, masu gida biyu-biyu 4, babba 1.

Tsarin shi ne ka ƙirga girma-girma, kuma ga kowane girma ka tambayi kanka, wurare nawa kusurwarsa ta hagu a sama za ta iya zama ba tare da ya leƙa waje ba? Ɗauki allon dara da aka zana gida-gida, layi 5 kowane da gida 6. Mai gida ɗaya zai zauna a wuri 5 × 6 = 30. Mai gida biyu-biyu ya rasa layi ɗaya ta kowane ɓangare, 4 × 5 = 20. Haka za ka yi ta sauka: 3 × 4 = 12, sai 2 × 3 = 6, sai 1 × 2 = 2. Jimla 70. Allon dirafti mai gida goma-goma kuwa 100 + 81 + 64 har zuwa 1, ya ba da 385.

Rektangul ba a ƙirga shi haka, za ka kwana kana yi. Ka bar kallon gidaje ka koma kallon layuka. Kowane rektangul layi 2 na tsaye da layi 2 na kwance ne suka kewaye shi, in ka zaɓi layukan ka zaɓe shi. Allon dara na da layin tsaye 7, na kwance 6, don layuka kullum sun fi gidaje da ɗaya. Hanya nawa za a zaɓi 2 cikin 7? Tamkar mutum 7 ne suka fito masallacin Juma'a kowa ya yi musabaha da kowa: kowane ya ba mutum 6 hannu, 42 kenan, amma an ƙirga kowace musabaha sau biyu, saura 21. Na kwance kuma 6 × 5 ÷ 2 = 15. Sai 21 × 15 = 315. Gwada dabarar a hatimi: layi 4 ta kowane ɓangare, 6 × 6 = 36. Ka zauna ka ƙirga da hannu sau ɗaya a rayuwarka don zuciyarka ta natsu.

Yanzu maganar da na ce a riƙe. Wannan 315 ɗin har da murabba'ai 70 a ciki. In tambaya ta ce rektangul kawai, 315 za ka rubuta. In ta ce waɗanda ba murabba'i ba, 245. Kalma uku a ƙarshen tambaya ke raba su, kuma na ga hazikan yara sun yi aikin duka daidai sun faɗi a nan.

Saura mai wuyar. Dattawan da ke buga dara a gindin dogon yaro ba gida suke zanawa ba, gurabe suke tonawa a ƙasa, 30. In guraben ne kusurwoyi, murabba'i nawa za a iya haɗawa? Masu tsayuwa sosai ba wuya: 4 × 5, 3 × 4, 2 × 3, 1 × 2, wato 20 + 12 + 6 + 2 = 40. Amma akwai karkatattu, irin wanda muka gani ɗazu cikin mai gefe 7. Kowane karkatacce yana zaune cikin wani tsayayye guda ɗaya tak, kusurwoyinsa na taɓa gefunansa. Tsayayye mai taku 2 yana ɗauke da 2, shi kansa da wanda aka haɗa daga tsakiyar gefuna. Mai taku 3 yana ɗauke da 3, mai taku 4 yana ɗauke da 4. Sai lissafin ya zama 20 × 1, 12 × 2, 6 × 3, 2 × 4, wato 20 + 24 + 18 + 8 = 70. Eh, 70 ta sake fitowa, amma dacewa ce kawai, kada wani ya mai da ita doka. A biyar-biyar, gidaje na ba da 55, gurabe na ba da 50.

Mataki na biyar: in lambobin sun yi girma, ƙanƙanta su

An shimfiɗa tayil a falo, 84 ta tsawo, 60 ta faɗi. An ja zare daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta. Tayil nawa zaren ya ratsa? Ba mai zana wannan a ɗakin gasa. Zana 3 da 2, za ka ƙirga 4. Zana 6 da 5, za ka sami 10. Kamar dai ka haɗa biyun ne ka debe 1. Hujjar ita ce, zare na shiga sabon tayil duk lokacin da ya ƙetare layi. A 6 da 5 akwai layin ciki 5 da 4, ƙetarawa 9, a ƙara tayil ɗin da aka faro, 10.

Kafin ka yi murna, gwada 6 da 4. Dabarar ta ce 9, ido ya ce 8. A tsakiya zaren ya bi ta daidai mahaɗar tayil huɗu, ya ƙetare layi biyu a taku ɗaya. Ashe abin da ake debewa shi ne babbar lambar da ke raba biyun ba saura. Ta 6 da 4 ita ce 2. Ta 84 da 60 ita ce 12, amsa kuwa 84 + 60 − 12 = 132. Misali ɗaya ko biyu ba sa isa a kafa doka, sai ka nemo wanda kake zaton zai karya ta ka gwada.

Mataki na shida: aljabara, amma kaɗan

Wane rektangul ne tsawonsa da faɗinsa cikakkun lambobi, kuma lambar filinsa ta yi daidai da ta kewayensa? Rubuta xy = 2x + 2y. Kwaso komai gefe ɗaya ka ƙara 4 a ɓangarorin biyu, zai dunƙule ya zama (x − 2)(y − 2) = 4. Hanyar samun 4 kuwa 2 × 2 ce ko 1 × 4. Amsa biyu ke nan ba ƙari: 4 da 4, sai 3 da 6.

Ta kiwo kuma. Kana da waya mita 40 za ka killace jajayen awaki. In gefe huɗu za ka kewaye, murabba'i ya fi ba da fili: 10 × 10 = 100, 11 × 9 = 99, 12 × 8 = 96, duk nisan da ka yi da daidaito sai ka yi asarar wannan nisan ninke da kansa. In kuwa katangar gida za ta tsare gefe ɗaya, amsa ta canza. Ɗauki katangar a matsayin madubi. Garken da hotonsa sun haɗu sun zama rektangul mai kewaye 80, wanda ya fi kyau ya zama 20 da 20. Naka rabinsa ne, mita 20 a jikin katanga, 10 zuwa waje, fili 200. Gwada 9 × 22 da 11 × 18, duka 198 ne.

Mataki na bakwai: in an ce "zai yiwu?", shafa launi

An cire gida biyu na kusurwoyin da ke kallon juna a allon dirafti, saura 98. Za a iya rufe su da ƙananan katakai 49, kowane na rufe gida biyu maƙwabta? Yara kan ɓata rabin awa suna jerawa. Kowane katako dole ya rufe baƙi ɗaya da fari ɗaya, don maƙwabta ba sa zama launi ɗaya. Kusurwoyin da aka cire kuwa launinsu ɗaya, ya bar 50 da 48. Katako 49 na buƙatar 49 da 49. Ba zai yiwu ba, kuma layi uku sun isa hujja.

Wannan irin ita ce ke yawaita in an yi nisa. Gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, tambaya 6 ce kacal cikin kwana 2, awa huɗu da rabi kowace rana, kuma hujja ake ba maki. Shi ya sa ko a zagayen farko, inda zaɓi kawai ake yi, nake sa yara su rubuta mini dalilinsu da cikakkiyar jimla. Wadda ta ce mini "haka dai na gani", sai in ce, "To ɗiyata, ganar da ni."

A ranar gasa, abu uku nake tunatarwa a bakin ƙofa. Zanen da ke kan takarda sau da yawa ba a yi shi bisa awo ba, kada a ɗora masa rula. A duba ko mita aka bayar ake neman santimita, don murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba. Sannan in an gama, a koma a karanta jimlar ƙarshe ta tambayar.

Aikin gida na wannan makon da almakashi za a yi shi. A yanko murabba'i 9 daga kwali, gefunansu santimita 1, 4, 7, 8, 9, 10, 14, 15 da 18. Za su haɗu su zama rektangul guda, ba giɓi ba hawa kan juna. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Moroń, shi ya fitar da shi a 1925. Kafin a fara jerawa a bi mataki na uku: a haɗa filayensu, za a sami 1,056. Tunda mai 18 zai shiga ciki, kowane gefe ya kai 18 ko fiye, saura 22 × 48, 24 × 44, ko 32 × 33. Biyun farko ba za su yi ba, ku gano dalili da kanku ta duban abin da zai cike gefen mai 18. In an tsaya a 32 da 33, a nemi manya biyun da za su cika gefen 33 su kaɗai, a fara da su a sama. Mai santimita 1 shi ake sakawa ƙarshe, a adana shi cikin kwalin ashana kada iska ta ɗauke shi.